Ruwan Keana

Duk wanda ya taɓa shiga tiyata da marigayi Dokta Adamu ya san ihunsa: "Ruwan Keana!" Kwana uku ke nan ihun yana min yawo a kai, don jibi za a sa wa mijina ƙarfe a cinya. Babur ya kaɗe shi a Akurba. Shekara ashirin ina aikin nas a tiyatar ƙashi, amma wallahi tsoro nake ji kamar ban taɓa ganin jini ba.

Ranar da na fara aiki da Dokta, yana cikin huda ƙashi ya daka tsawa, "Ruwan Keana!" Ni baƙuwa, na fita a guje ina tambayar masu shara wa ya zo da ruwa daga Keana. Da na dawo hannu rabbana, na tarar ya tsayar da injin, wata nas tana feshe ramin da ruwan gishirin asibiti.

"Rahila, a ina ake dafa gishiri a jihar nan?"

"Keana, Dokta."

"To! Da na ƙyale ki, da yanzu kina tashar mota."

Abu ɗaya Dokta yake tsoro a duniya, zafin da inji ke sa wa ƙashi. Yakan ce ƙashin da ya ƙone ba ya nunawa ranar. Sai bayan wata biyu sukuru ya fara rawa, ƙarfe ya saki, mutum ya dawo da sanda. Shi ya sa yake hudawa kaɗan, ya zare, a zuba ruwa, ya koma, mu kuwa ƙafafunmu na ciwo don tsayuwa.

Kun tuna ƙashin saniya? Duk Asabar mahauta na ajiye masa. Ya zauna a gidansa na Azuba yana hudawa, wani da gudu, wani a hankali, wani da dannawa, yana taɓa ramin ya ji wanne ya fi zafi. Da ya gama sai ya miƙa wa matarsa ta sa a miya, wai kar a yi asara. Matar tasa, Hajiya, ta taɓa nuna min wani ƙashi duk ramuka kamar sarewa, ta ce:

"Sista, don Allah, likita na aura ko kafinta?"

Wata rana kuma ya duba bakin injin, ya ga ya dakushe. Mai sito ya ce, "Oga, a yi manej mana. In ka danna da ƙarfi zai shiga."

Dokta ya ce, "Haka ne. Kawo ƙafanka mu gwada."

Kafin mu gama dariya sabon baki ya fito daga sito.

Jiya na kasa haƙuri, na tare matashin likitan da zai yi wa mijina aiki. Na fara jero masa: a duba bakin injin, kar a danna, kar a yi gaggawa. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Mama, shekara biyu ina huda ƙashin miyan Hajiya kafin Baba Dokta Adamu ya bar ni na taɓa mutum. Ruwan Keana dai ko? Ni ma haka nake ihu."

Na fashe da kuka a gabansa, ban ji kunya ba.

Allah ya jiƙan Dokta, ya sanyaya makwancinsa yadda ya sanyaya ƙasusuwan mutane. Mijina kuma, Allah ya sa ya taka da ƙafarsa.