Mai Jita Yana Waiga Hagu

A ɗakin ɗaukar waƙa nake jiran ƙanwata, sai idona ya faɗa kan wani dattijo ta bayan gilashi. Dogo ne, furfura ta cinye sajensa, jitarsa kuma ta koɗe daidai inda hannu ke gogarta. Yana kwance agogo, yana tuɓe takalmi, yana danne tari tun kafin jar fitilar fara ɗauka ta kama. Ina jin al'adar zamanin kaset ce, lokacin da makaɗa ke cika ɗaki ɗaya, tarin mutum guda ya mai da kowa farko.

Yau shi kaɗai ne, gangar da zai bi tana cikin kwamfuta. Duk da haka, kafin ya taɓa tsirkiya sai ya waiga hagu ya gyaɗa kai, alhali ba kowa a wurin sai bango.

Ana tsakiyar ɗauka yatsansa ya zame, ya tsaya cak.

"Ci gaba, Baba," in ji mai ɗaukar sautin. "Zan gyara a nan, ba wanda zai sani."

Dattijon ya yi murmushi yana shafa wuyan jitar.

"Abin da ke damuna ke nan, ɗana. A da, ko harara ai na samu daga mai ganga a haguna."