Awon Fuskar Kambembo

Duk ƙauyen nan na bayan garin Gungu an san Gilungu masassaƙi ba ya zama wuri ɗaya. Ko tuwon rogo a tsaye yake ci. Ya ɗauki gizago, ya yi sara biyu, ya tafi duba tarko, ya dawo yana faɗa da awaki. Amma fuskar itacen da ya sassaƙa, wadda ƙabilarsu ta Pende ke kira mbuya, idan mai rawa ya ɗaura ta, har tsofaffi sai sun miƙe.

Mai rawarsa shi ne Kambembo, wanda aka yi musu kaciya tare a dajin mukanda. Shi ke rawar mbangu, fuskar nan ta majinyaci, rabi fari rabi baƙi, baki a karkace, wadda ke hana mutane yi wa mai ciwo dariya. Sai ga shi bara ɓarin jikin Kambembo ya shanye, bakinsa ya karkace daidai yadda Gilungu ya sassaƙa. Mutane kuwa me suke jira? Aka ce ai gizago ne ya kira ciwon.

Tun daga nan Gilungu bai sake kallon fuskar abokinsa ba. Tsoro yake ji, da kunya. Idan ya hango shi sai ya ratse ta gonar gero.

Ana gab da bikin girbi Kambembo ya aiko cewa gara ta ci tsohuwar fuskar, a yi masa sabuwa, zai yi rawa ko da a kan gwiwa ɗaya ne. To, a al'ada sai an auna fuskar mai rawa da zaren tukurwa, don tsagar ido ta faɗa kan ido. Gilungu ya ce shi ya haddace awon tun suna samari. Ya sassaƙa, ya shafa farar ƙasa da gawayi, ya ba matarsa ta kai.

Da rana tsaka sai ga Kambembo yana jan ƙafa, fuskar a hannu.

"Kai, tsohon biri! Makaho ka yi wa wannan?"

"Awonka ne," in ji Gilungu, idonsa na kan akuya.

"Awon wa? Na ɗaura, na ci karo da rumbu. Idona na hagu ya sauka ƙasa, kai kana can kana zagaye gonaki."

Gilungu ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa, ya ce bari ya kawo bammi.

"Zauna! Masu cewa kai ka jawo mini, ban taɓa saurarensu ba. Ciwon nan na saba da shi. Yara ma sun daina guduna, sai kai."

Gilungu ya zaro zaren tukurwa daga rufin rumfa. Ya durƙusa, ya ɗora zaren daga goshi zuwa idon da ya sauka, daga nan zuwa bakin da yawu ke zuba. Ya sa babban yatsa ya share yawun. Hawaye ya hana shi ganin inda zai ƙulla.

"Ka rame," ya ce.

"Shekara guda ke nan," in ji Kambembo. "Auna da kyau, ina so in ga masu kallo."