Inna Fadimatu da Furen da Muke Ba Awaki

Tun da hantsi bai ɗaga ba za ka hango Inna Fadimatu cikin yaɗon kabewa a bayan garin Gulma, ƙwarya a hannu, tana tsinkar fure kafin rana ta sa ya tsuke baki. Namiji kawai take cira, mai siririn wuya, wanda babu 'yar kabewa a gindinsa, ta kuma bar wa ƙudan zuma kaɗan. Daga nan sai ɗakin girkin ƙaramin asibitin da ta shekara ashirin da biyu tana dafa wa yara masu tamowa abinci.

Ta soma wannan ne shekarar da tsutsa ta cinye tumatir. Mu kuwa, masu baki, muka ce tsohuwa ta rikice, tana ba 'ya'yan mutane abincin awaki. Maganar ta yi ƙafa har Birnin Kebbi, aka turo Malama Kausar, jami'ar kula da abinci, da takardar sallamar Inna daga aiki cikin ambulan a jaka.

Kausar ta buɗe tukunya, ta ga fure ruwan ɗorawa fal a miya.

"Inna, mi ag ga tukunyag ga? Ina tumatir?"

"Hure na, ɗiyata. Tumatir babu shi. In bar su su ci tuwo gaya?"

Kausar ta kai hannu jaka, sai kuma ta fasa. Ta ce bari dai ta duba littafinsu na sinadaran abinci, don ta rubuta laifin da hujja. Ta karanta, ta goge tabarau, ta sake karantawa. Dafaffen furen kabewa ya fi tumatir sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Mai ƙarfafa ƙashi kuwa ya ninka na tumatir sau uku, ga na gyaran ido a kai. Bitamin C ne tumatir ya fi shi, shi ma Inna tana matse lemun tsami bayan ta sauke, wai don ɗanɗano. Kausar ta nemi kujera ta zauna, salati kawai take yi. Shekara huɗu ta yi a jami'a, ba ta taɓa kallon wannan layin ba.

Wallahi ni ma da na ji, kunya ta rufe ni, don ina cikin masu dariyar.

Inna, ke ce kika ciyar da yaranmu muna zaginki. Ke ce mai tukunyar da ba ta yaji. Ba ki san sunan sinadari ko ɗaya ba, idon yaro kike buɗewa ki ga ko jini ya dawo.

A watan nan Inna ta ajiye aiki da mutuncinta. Ranar bankwana Kausar ta zo takanas, ta durƙusa, ta miƙa mata tsohuwar ambulan, ta faɗa mata abin da ke ciki. Inna ta juya takardar, ta ce, "Ashe korata kunka zo yi? To da wa za ya dahwa musu?"

Mun gode, Inna, ki yafe mana. Allah Ya saka da alheri. Ku kuma matan Gulma da Argungu, tana nan da ranta, ƙofarta a buɗe. Ku je da ƙwarya tun da safe, kafin furen ya rufe.