Man Wiwi Bai Zo Makka Ba

"Ummi, na samo miki maganin gwiwa. Man wiwi ne, likita ya rubuta min, zan taho miki da shi."

Ƙanena Sabi'u ke nan daga Amurka, muna hira ta bidiyo a gidanmu na unguwar Hindawiyya a Makka. Saura kaɗan shayi ya sarƙe ni.

Wai a jiharsu tun lokacin korona aka sassauta doka. Likita ya duba ka ta waya, a kawo maka har ƙofar gida. Bawan Allah har ya jefa kwalbar cikin jakar da zai taho umara da ita.

Na ce, "Kai Sabi'u, sassaucin nan a can ya tsaya. A nan daga filin jirgin Jidda sai kurkuku."

Ummi ta karɓe wayar ta ce, "Fito da ita yanzu ina kallo. Gwiwata tana da likitanta a asibiti. Mai tura ni a keke in yi ɗawafi na rasa."

Jiya ya iso lafiya, babu kwalba. Shi ya tura kekenta har aka gama ɗawafi, tana ta yi masa faɗan ya cika sauri. Ko sau ɗaya ban ji ta ambaci gwiwa ba.

Ku fa, wace tsaraba kuka taɓa roƙon a bar ta a can?