Yarinya Mai Rigar Ƙarfe a Damagaram

Mun tashi da asubar Litinin daga unguwar Dukawuya a Kano, mu huɗu da jakuna shida, ɗauke da jar fata da takalma da zabiru, za mu Damagaram, ƙasar da Faransa ke riƙe da ita. Sauran ukun ciniki ya fitar da su. Ni kuwa, tunda kun ce in faɗi yadda tafiyar ta kasance, gudu na yi.

Ga abin da na gudar wa. Yayata, wadda ta goya ni bayan rasuwar uwarmu, tana zaune a gidana tun da mijinta ya rasu. Shekara biyu ke nan, in rana ta take tsaka sai ta ajiye mazarin kaɗinta, ta karkata kai gefe kamar mai sauraron sallama daga zaure, ta ce ana yi mata magana. Ba ta faɗuwa, ba ta ihu. Ran nan ta aika wa matar mahaucin da ke maƙwabtaka da mu cewa ta daina ɗibar ruwa a kududdufin bayan gida. Ba a yi mako ba matar ta kwanta, tana ramewa, tana kiran sunan Yaya cikin zafin zazzaɓi. Nan take aka ce mayya ce, ta kama kurwar matar, sai ta zo ta tsallake ta sau uku a gaban jama'a ta sake ta. Dattawan unguwa suka zo zaurena da maganar. Na ce musu tafiya ta kama ni, amma in ciwon ya tsananta ga ta nan, su yi abin da suka ga ya dace. Da bakina na faɗa.

Ina ɗaure kaya ta fito ta miƙo mini ƙullin dakuwa. Ta ce, "Auta, in ka ga yarinyar nan mai rigar ƙarfe, ka gaishe ta." Na ce, "Wace yarinya, Yaya?" Ta ce ita ma ba ta sani ba, haka aka ce mata. Na karɓi dakuwar ban ɗaga ido na dube ta ba.

Ta Ƙofar Mazugal muka fita. Bazara ce, ruwa bai sauka ba, saboda haka tafiyar safe muke yi, in rana ta yi zafi mu nemi inuwa, ko wace iri ban da ta tsamiya. A Kazaure mun sha furar da na anini ke ƙosar da ƙato. Bayan Daura furar ta fara tsinkewa, muna shiga ƙasar Faransa ta zama ruwa da aka nuna wa gero daga nesa. A kan iyaka masu binciken kaya suka kwance mana komai, ɗaya ya gwada takalmi ya yi masa daidai, bai kuma tuna ya cire ba.

Kwana guda gaba da iyaka muka biya wani ƙauye neman ruwa, muka tarar ba kowa. An ce mutanensa sun tsere kudu don gudun aikin tilas. Ga turmi da taɓarya a jingine, ga guga a bakin rijiya, amma ko kaza babu. Ina jan ruwa na ji an ce "Auta" a bayana, a hankali, da muryar mace. Kowa ya san ba a amsa kiran tsakar rana in ba ka ga mai kiran ba. Ban amsa ba, ban waiwaya ba, amma gugan ya kuɓuce mini ya koma rijiya. Abokan tafiya suka yi ta yi mini tsiya, wai baduku in an raba shi da basilla hannunsa ba ya riƙe komai.

Damagaram gari ne na duwatsu, manya-manya a tsakiyar gidaje, bariki yana bisa tudu yana kallon kowa. Fatarmu ta yi daraja, ta Kano suke nema kafin tasu. A kwana na uku wani tsohon soja ya zo rumfarmu, Bahaushe ne, yatsu biyu babu a hannunsa na dama, ya ce a yaƙin ƙasar Turawa ya baro su. Baduku yake nema. Turawan suna da wani biki da suke yi duk shekara, ga shi gara ta cinye ɗamarar fatar da ake soke sandar tuta a ciki.

Ya kai ni wani ɗakin ajiya a bayan bariki, rana tsaka, ya warware tutar a kan tabarma. A jikinta an zana wani yaro a kan farin doki, gashinsa a datse, sanye da sulke. Na ce, "Baba, ɗan sarkinsu ne?" Ya yi dariya ya ce, "Duba da kyau, Bakano. Mace ce."

Na duba. Rigar ƙarfe ce a jikinta, kanta kuma a karkace gefe, tana sauraro. Na san wannan karkata kai.

Ina ɗinki yana ba ni labari. Ya ce 'yar manoma ce, ba ta iya karatu ba, kaɗi ta iya. Tana ƙarama ta fara jin muryoyi da tsakar rana a bayan gidan ubanta, suna ce mata ta je ta kori Turawan Ingila da suka mamaye ƙasarsu. Na ce, "Namu da ke zaune a Nasarawa ta Kano?" Ya ce, "Kakanninsu." Ta yanke gashi, ta sa tufafin maza, ta shiga gaban mayaƙa, ta ceci wani birni da aka yi wa zobe, ta raka ɗan sarki har aka naɗa shi. Da aka kama ta, sarkin nan bai ɗaga ɗan yatsa ba. Aka miƙa ta ga Ingilishi, su kuma suka tara malaman addininta, 'yan ƙasarta, su yi mata shari'ar maita.

Ya ce wata da watanni suna yi mata tambayoyi, irin waɗanda kowace amsa rami ce. Sun tambaye ta ko tana cikin waɗanda Allah ya yarda da su. In ta ce i, ta yi da'awar sanin gaibu. In ta ce a'a, ta yanke wa kanta hukunci. Sai ta mayar musu da addu'a, suka rasa abin kamawa. Da suka nuna mata itacen da aka tara don ƙone ta, tsoro ya kama ta, ta sa hannu a takarda cewa ƙarya take yi. Ba ta kwana biyar ba muryoyin suka dawo suna yi mata faɗa, ta janye, suka ƙone ta a kasuwa, ba ta cika ashirin ba. Yanzu kuma, bayan shekara kusan ɗari biyar, sun ce waliyyiya ce.

A nan basilla ta soke ni. Sai a lokacin na ga abin da na bari a gida. In Yaya ta tsallake matar ta warke, za a ce ai ga shi ta sake ta. In ta mutu, a ce ta riga ta cinye. In ta ƙi tsallakewa, a ce mugunta ce. Ni da ya kamata in tsaya a bakin zaure in hana, na kora jakuna na tafi.

Da sojan ya fita neman ruwa, na sunkuya na ce da zanen, "Yayata tana gaishe ki." Kunya ta kama ni, Musulmi yana magana da ƙyalle. Gefen tutar ya motsa, ba kuwa iska a ɗakin. Da na faɗa wa sojan ya ce ɓera ne. Na yarda, don ina so in yarda.

Washegari na bar wa abokai ragowar kayana na bi ayarin masu kanwa. Ban ga komai a hanyar dawowa ba, ƙafata kawai nake kallo. Bayan kwanaki, da azahar na shigo Ƙofar Mazugal, kafin in kai gida na yi kiciɓis da matar mahauci, tulu a ka, ta murmure har ta yi kumatu. Ban taɓa baƙin cikin ganin mara lafiya ya miƙe ba sai ran nan.

Matata ta tare ni a tsakar gida, ta ce kwana huɗu da tafiyata aka zo aka tafi da Yaya gidan mahauci, ta tsallake matar, aka dawo da ita. Tun daga ranar ba wadda ta ƙara shigowa ɗibar wuta a murhunmu, kwanon abincin da muke aika wa maƙwabta kuma yana dawowa a rufe yadda ya tafi.

Na sami Yaya a ɗaki, mazari a gefe, auduga ta yi ƙura. Kanta a miƙe yake. Ta ce, "Ka gaishe ta?" Na ce na gaishe ta. Ta ce, "Tun da na tsallake suka daina yi mini magana, Auta. Ita da ta sa hannu a takardar, kwana nawa suka yi kafin su dawo mata?"

A lokacin ban riga na faɗa wa kowa labarin yarinyar ba, ko matata. Na san amsar, na kuma san abin da ya biyo bayanta.

Ni ba malami ba ne, ban san abin da Yaya take ji ba, Allah ne masani. Abin da na je Damagaram na koyo shi ne, in aka yi wa mutum tambayar da ba ta da mafita, to an gama hukunci tun kafin a kira shi, kuma wanda ya kauce ya bar shi yana cikin masu yankewa. Mutanen Faransa sun sami shekara ɗari biyar na neman gafara. Ni ba ni da su. Na durƙusa a gabanta da ƙurar hanya a ƙafata na ce ta yafe mini. Ta dafa kaina, amma idonta na bakin ƙofa, tana jira.