Maliki Bai Taɓa Tsallake Layin Tsakiya Ba

Maliki mai gyaran keke a bakin kasuwar Illela ya ƙare ƙuruciyarsa yana buga wa garin ƙwallo a baya, lamba biyar. A zamaninsu mutum biyar ne ke kai hari, na baya kuwa an kafa musu doka: duk wanda ya tsallake layin tsakiya, koci zai fitar da shi. Maliki ya bi doka har gwiwarsa ta gaza, bai taɓa cin ƙwallo ba.

Ranar da Illela ta kara da Ƙwanni, Lukmanu ɗan ƙanensa, shi ma ɗan baya, ya sheƙa gaba ya zura ƙwallo. Fili ya kaure da ihu, aka ɗaga shi sama. Maliki kuwa sai ya hau faɗa:

"Mi yak kai ɗan baya can? A zamaninmu mari za ya sha!"

Washegari Lukmanu ya zo gaishe shi. "Baba, kun gani?"

"Na gani. Ka bar gida buɗe."

Ya ci gaba da facin taya. Can, bai ko ɗago kai ba, ya ce, "Kai, in raga ta motsa, mi mutum ka ji?"