Faifan Inna Ya Ƙi Magana

Duk layin an san Kawu Tela da hali biyu: ba ya saɓa ranar da ya ɗibar wa mai kaya, kuma bai taɓa yarda kuskure daga wajensa yake ba. In riga ta matse ka, kai ne ka yi ƙiba tsakanin awo da karɓa. Shagonsa ɗan ƙarami ne, keken ɗinki biyu, teburin yanka, da madubi mai tsaga a gefe. Almakashi na da ƙusarsa a bango, alli na da gwangwaninsa, wanda ya taɓa su kuwa zai ji abin da bai shirya ji ba. A lungu akwai kwamfutar tebur da ya saya don ajiye hotunan samfurin ɗinki. Ita ma sai da ya ɗinka mata riga.

A ƙofar shagon nan mahaifiyarsa, Inna, ta ƙarasa tsufanta. Takan zauna a kujerar roba tana warware masa ɗinkin da ya karkace, wanda a cewarsa laifin yadi ne, bakinta kuma ba ya hutawa. Ta san wanda ya fi kuka a cikin 'ya'yanta, da wanda ya ci sabulu, da yadda mahaifinsu ya faɗa kwata ranar da ya fara zuwa gaishe ta. Wata rana Kawu ya sayo 'yar rikoda ya ajiye a gefenta. Ta harare ta, ta ce, "Wannan kuma munafukar wace ce?" Daga baya ta saba, har takan ce a kunna mata ita kafin ta fara.

Da Inna ta rasu, Kawu ya kwashe maganganun ya zuba a kwamfuta, ya sayo faya-fayai, ya yi wa kowane ɗan'uwa nasa. Kowane faifai ya ɗinka masa jaka, da sunan mai shi a jiki da zaren ado. Ƙaninsa ya bugo ya ce ya saurara har ya kasa cin abinci. Ƙanwarsa ta ce kai ka ce Inna na cikin ɗakin. Yaya, babbarsu, riƙe hannunsa ta yi ta sa masa albarka. Shi dai nasa bai taɓa sakawa ba, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Ya rataye shi kusa da almakashi.

Shekaru suka shuɗe. Rikodar ta lalace aka yar. Bara ma'ajiyar bayanan kwamfutar ta mutu, mai gyara ya tambaye shi ko akwai abin da yake so a yi ƙoƙarin cetowa kafin a sa sabuwa. Kawu ya ɗaga kai ya ce, "Ni ba na aikin ganganci. Duk abin da ke da muhimmanci yana faifai."

Wata safiya yana guga, sai ya nemi dariyar Inna a kansa ya rasa. Fuskarta na nan, har yadda take rufe baki da bayan hannu, amma sautin babu. Ya ajiye dutsen guga, ya sauko da faifan, ya tuɓe wa kwamfuta riga. Farantin saka faifai ya fito, ya ɗora, ya koma. Na'urar ta yi gurnani, 'yar fitilarta ta yi ƙyaf-ƙyaf, sai shiru. Ya fitar, ya hura, ya goge da gefen rigarsa, ya mayar. Shiru. Nan take ya yanke hukunci: mai gyara ne ya ɓata masa wani abu bara.

Haka ya rungumi kwamfutar zuwa ƙarshen layi, yana faɗa tun daga bakin ƙofa. Mai gyara mutum ne mai sanyin hali, ga furfura ga tabarau a kan hanci. Ya bari Kawu ya gama tas, sannan ya ɗauki sukudireba ya buɗe gefen akwatin. Ya zare wayoyi biyu da ke bayan na'urar faifan, ya duba bakinsu, ya mayar ya danna. Ya fito da farantin, ya goge ɗan idon da ke karatu da auduga. Suka gwada, babu labari.

"Ka gani ko?" in ji Kawu. "Ka kashe ta."

Mai gyara ya jawo wani tsohon faifan fim daga aljihun tebur, duk ya sha karce, ya saka. Kafin Kawu ya gyara tsayuwa kiɗa ya cika shagon.

"Na'urarka lafiyarta ƙalau, Kawu. Kawo naka mu gwada a tawa."

A tasa ma shiru. Sai ya juya faifan, ya je bakin ƙofa ya karkata shi a hasken rana. Ya daɗe yana kallo, sannan ya kira Kawu ya haɗa masa da wani faifan.

"Dubi wannan. Ka ga daga tsakiya launin ya ɗan yi duhu, sannan ya sauya? Nan ne inda aka rubuta. Yanzu dubi naka."

Na Kawu sumul yake daga tsakiya har baki, launi ɗaya, yana ta ƙyalli.

"Ban gane ba."

"Ba a taɓa rubuta komai a kansa ba. Sabo ne fil."

Kawu ya yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba. "Da hannuna na yi shi. Ina kallo koren layin nan ya tafi har ya cika."

"Nuna min yadda ka yi."

Kawu ya kama linzamin kwamfutar. Ya ja wani hoto ya sake a kan alamar faifai. Layin ya cika. Wani ɗan rubutu ya leƙo a ƙasan allo, Kawu ya rufe shi tun kafin ya gama fitowa, ya danna farantin ya fito. "Shi ke nan. Haka na yi wa kowa."

Mai gyara ya cire tabarau ya murza ido. "Ɗan rubutun da ka rufe, cewa yake kayanka na jira a rubuta su. Ka yi awo, ka yanka, ka jera a kan keke, amma ba ka taka ba. Suna nan a tsohuwar ma'ajiya suna jira."

"Ina tsohuwar?"

"Wadda ka ce in zubar?"

Kawu ya nemi wuri ya zauna a kan wani kwali, bai ma duba ko da ƙura ba. Can sai ya zabura. "A'a, tsaya! Nawa ne kawai ya sami matsala. Na sauran ya yi. Sun saurara, da bakinsu suka gaya min!"



A nan tsaye Kawu ya kira ƙaninsa. Ƙanin ya yi ta kame-kame, daga ƙarshe ya ce gaskiya faifan na nan cikin jakarsa, bai samu zama ya saurara ba. Ƙanwar ta ce ita ko abin kunna faifai ba ta taɓa mallaka ba, ganin wahalar da ya sha ne ya sa ta faɗi abin da zai ji daɗi. Shekara da shekaru Kawu yana tafiya da albarkar aikin da bai yi ba, su kuma suna yaba masa muryar da ba su ji ba. Saura Yaya, ita kuwa ba ta ƙarya.

"Yaya, faifan Inna. Don Allah ki gaya min tsakaninki da Allah, kin saurara?"

"Na saka, ɗan'uwana. A ranar da ka ba ni na saka. Na kai gidan maƙwabta, na kai wajen aikin mijina. Bai yi magana ba."

"Kika yi shiru? Yaya, kika yi shiru! A lokacin komai na nan, da kin faɗa da na sake!"

"Wa ya isa ya ce maka aikinka bai yi ba?" Ba da faɗa ta faɗa ba, a hankali ta faɗa. "Na ce a raina ai naka na nan. Duk ranar da kewarta ta ishe ni, sai in zo shago mu ji tare. Ban dai samu ƙarfin zuciyar ba har yau. Me ya faru? Naka lafiya dai ko?"

Kawu ya dubi faifan da ke hannunsa. Ya gaya mata. Ya ji ta ja numfashi, ya ji wani abu ya faɗi a can ɓangarenta, cokali ko murfin tukunya.

Mai gyara ya juya baya yana mayar da ƙusoshin akwatin a hankali.

"To kai kaɗai ka ji ke nan," in ji Yaya. "Ni ina gidan miji duk lokacin nan. Gaya min. Me ta ce a kaina?"

Ya sani sarai. Inna ta ce Yaya ce ta fara koya mata tsoro, don ranar da aka haife ta ba ta yi kuka da wuri ba. Ya fara faɗa, kalma bayan kalma, bai manta ko ɗaya ba.

"A'a," Yaya ta katse shi tana kuka. "Ba haka ba. Yadda take faɗa nake so."

Kawu Tela ya gyara murya, ya sake gwadawa. Muryarsa ce ta fito.